Malam Anya da Takardun Baba Shugaba

Duk wanda ya san shi, da Malam Anya ya san shi. Bakinsa ne ya jawo masa sunan, domin ba a taɓa gaya masa magana ya karɓe ta hannu biyu ba. Ka ce masa hadari ya haɗo, sai ya leƙa sama ya ce, "Anya kuwa?" Ranar da aka kawo masa albishir matarsa ta haifi tagwaye, abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan, har surukarsa ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa.

Sana'arsa sassaƙa hatimi. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗaukar hoto. Tebur ɗaya ne a ciki, sai guntayen roba, da reza, da kwalaben tawada, da gilashin ƙara girman rubutu wanda ya ɗaure wa mariƙi da zare. Da yake a juye ake sassaƙa hatimi, idonsa ya saba karanta rubutu ta baya. Matarsa takan ce mutane ma ta baya yake karanta su.

Ba haka aka haife shi ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu, yana koyon aiki wurin kawunsa, wani mutum mai tsabta da ƙamshin turare ya zo ya ce a yi masa hatimin wata makaranta, wai shi ne sabon mai kula da ofishinta. Ya zauna ya yi masa aiki mai kyau. Bayan wata uku 'yan sanda suka zo suka tafi da shi, ashe takardun shaidar karatu na bogi mutumin yake bugawa. Kwana biyu ya yi a tsare kafin kawun nasa ya samu ya fito da shi. Daga ranar, ko liman ne ya zo neman hatimi, sai ya kawo takarda da shaida.

Wannan hali ne ya shigar da shi ƙungiyar da'awa ta unguwarsu. Wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya, wanda daga baya kowa ke kira Baba Shugaba, ya zo a yi wa ƙungiyar hatimi. Malam Anya ya tsare shi da tambaya kusan awa guda: su wa da wa ke ciki, wa ya ba su izini, me suke nema wurin mutane, in sun watse wa zai riƙe hatimin. Tsohon ya amsa duka bai ɓata rai ba, sannan ya yi dariya ya ce, "Mun daɗe muna neman magatakarda. Ka zo ranar Asabar bayan la'asar." Ya ce zai duba. Ya je don ya gane abin da suke ɓoyewa, bai samu komai ba, ya ci gaba da zuwa ko zai samu. Haka ya yi shekara goma sha shida yana riƙe da littafin taro.

Ofishin ɗaki ɗaya ne a jikin masallaci: benci uku, kabad na ƙarfe, lasifika biyu, da allon da ake manna jadawali. Aikin ba na a-zo-a-gani ba ne. Laraba a je asibiti a duba marasa lafiya, Alhamis a je gidan yari, Juma'a da yamma a yi wa'azi a tashar mota, Asabar da Lahadi kuma ajin manya da na waɗanda suka karɓi addini kwanan nan. Wuyar aikin tana wurin mutane. Akwai masu son a fito da lasifika a cika fili, jagoransu wani mai wa'azi ne da ake kira Malam Tsawa saboda muryarsa. Akwai kuma masu son a yi a hankali, gado-gado, mutum-mutum, jagoransu mataimakin shugaba, wani mai shagon magani da ake kira Mai-kemis. Baba Shugaba ne kaɗai ya iya zama tsakaninsu. In gardama ta yi zafi a taro, ba ya yanke hukunci a wurin. Sai ya ce, "Ku bari, zan rubuto daga gida." Washegari takarda ta iso da rubutu mai kyau kamar na ɗab'i, kowa ya samu abin da zai lallaɓa zuciyarsa da shi.

Wata Talata aka wayi gari da labarin Baba ya faɗi a banɗaki. Ya yi mako biyu a asibiti, aka mai da shi gida, aka ce likita ya hana kowa ganinsa. Mai-kemis kaɗai ke shiga, wai shi ke kai magani. Shi ne kuma ya riƙa fitowa da labari: Baba yana samun sauƙi, Baba yana gaishe ku.

Sai takardu suka fara zuwa. Ta farko ta ɗage taron shekara, wanda a cikinsa ake sabunta shugabanni. Ta biyu ta ɗauke Malam Tsawa daga tashar mota ta mai da shi ajin manya. Ta uku ta ce Mai-kemis ya riƙe duk al'amura har Baba ya warke.

Malam Anya ya kai su shago ya shimfiɗa a tebur, ya jawo tsofaffin takardun Baba ya jera kusa da su. Rubutun jikin takarda dai shi ne, ba inda ya canza. Hatimin ma shi ne, aikin hannunsa ba zai ɓace masa ba. Amma Baba bahago ne, kuma in zai buga hatimi sai ka ce kunama zai kashe: ya danna da ƙarfi, ya karkata gefe, tawada ta taru a kusurwa ɗaya. Waɗannan ukun kuwa a miƙe suke tsaf, an ɗora a hankali an ɗauke. Ya juya takardun ya shafa bayansu da yatsa. Sa hannun Baba kullum yana huda takarda har ka ji tudunsa ta baya. Nan kuwa sumul.

Ya jingina da bango. Mutumin da hannunsa zai iya cika shafi da rubutu ba rawa, ta yaya zai kasa danna hatimi? Sai dai in wani ne ya zauna ya koyi rubutun. Wa kuma ya fi mai karanta rubutun likitoci kullum iya sarrafa alƙalami? Dama shi murmushin Mai-kemis bai taɓa kwanta masa ba. Mutum ya yi shekara goma sha shida ba a ga fushinsa ba, ai akwai inda yake ajiye shi.

Ya fara sa ido. Yakan rufe shago da wuri ya je ya zauna wurin mai facin taya da ke bakin layin su Baba, wai yana hutawa. Ya lura Mai-kemis na shiga da 'yar jakar magani, amma yana daɗewa fiye da mai kai magani. Ya lura kuma duk ranar da ya daɗe, washegari takarda take fitowa.

Ana cikin haka Malam Tsawa ya zo shago, ya tsaya a bakin ƙofa ya toshe haske.

"Malam, kai ne masanin takardu. Ka gaya mini tsakaninka da Allah, Baba ne ya cire ni?"

"Hatiminsa ne a jiki."

"Ba hatimi na tambaye ka ba."

"Ni kuma abin da na tabbatar na gaya maka."

Tsawa ya sassauta murya, abin da ba kasafai yake yi ba. "In ka tashi a taro ka ce takardun nan na bogi ne, akwai mutum biyar a bayanka. Kujerarka kuma ba mai taɓa ta."

Malam Anya ya dube shi ta saman gilashi. Wa ya ce masa yana tsoron rasa kujera? Kuma yaushe aka zauna aka ƙirga mutum biyar? Ya ce zai duba, ya koma kan robarsa. Da mutumin ya tafi, sai ya ji yanzu mutum biyu yake zargi maimakon ɗaya.

Ya yanke shawarar ɗana tarko. Ya rubuta wa Baba rahoton mako kamar yadda ya saba, a ƙarshe ya ƙara layi biyu: "Maganar nan da muka yi ni da kai a bakin asibiti game da ɗaurarrun nan, in ci gaba ko in dakata?" Ba su taɓa yin wata magana irin wannan ba. Ya liƙe ambulan ya ba Mai-kemis. Bayan kwana biyu amsa ta dawo, da rubutun nan mai kyau: "Ka ci gaba, Allah Ya yi albarka."

Ranar ko abincin rana bai iya ci ba. Matarsa ta ga yana juya cokali, ta zauna ta sa ya fayyace mata komai. Ya ce ranar Asabar zai tashi gaban kwamiti ya karanta abin da ya rubuta da amsar da ta dawo, kowa ya ga irin mutumin da ke neman shugabancinsu.

Ta ce, "Baban tagwaye, ka gan shi yana rubutawa?"

"Ba sai na gani ba."

"Ikon Allah. Kai da ba ka taɓa yarda da kowa ba, yau ka yarda da kanka? Ka je gidan tukuna. In ka kunyata bawan Allah gaban jama'a, ba reza ce za ta kankare ba."

Ya yi mata musu, don dai kar a ce ya karɓa nan take, amma da safe ya sa takardun a aljihu ya nufi gidan.

Matar Baba ce ta buɗe ƙofa. Ita ma tsohuwar malamar makaranta ce, Malama ake ce mata, 'yar siririya mai tabarau da igiya. Suka gaisa, ta ce likita ya hana. Ya ce ya sani, zai zauna nan kan dakali har likitan ya zo ya ji daga bakinsa. Sannan ya zaro takardar ya miƙa mata, ya ce, "Malama, babu wata magana da muka yi da Baba a bakin asibiti. Ni na ƙirƙira."

Ta karanta, ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta matsa gefe ta ce, "Shigo, Malam magatakarda."

Baba yana zaune a kujera kusa da taga, an tokare shi da filo biyu. Bakinsa ya karkace, hannun hagun nan da yake dukan tebur da shi yana kwance kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Da ya ga baƙon, idanunsa suka kawo ruwa, ya yi ƙoƙarin magana, sauti kawai ya fito. Malam Anya ya durƙusa ya kama hannun dama. Tun hanya yake shirya tambayoyi, sai ya ji duk sun watse.

Malama ta jawo kujera ta zauna. Ta ce, "Tun ranar da ya faɗi bai ƙara furta kalma ba. Ni nake rubutawa. Ni na sa hannu, ni na buga hatimin."

"To a ina kika koyi rubutunsa?"

"Ban koya ba. Rubutuna ne. Tun kafin ya bar aiki idonsa ya raunana, ba ya iya bin layi. Duk takardar da ta taɓa zuwa muku daga gidan nan, ni na rubuta. Ya dawo daga taro ya ba ni labari, mu tattauna, in rubuta, in karanta masa, ya sa hannu ya buga. Jadawalin ma tare muke yi."

Malam Anya ya ji kamar an watsa masa ruwa. Shekara goma sha shida yana adana takardun nan a kabad, yana yaba hannun Baba a ransa, bai taɓa cewa anya ba ko sau ɗaya. Ya share maƙogwaro.

"Takardun nan uku, ya san da su?"

"Na karanta masa kowacce, ya gyaɗa kai."

"Wannan amsar da aka aiko mini fa?"

Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi. "Ranar ya sha wuya, da kyar barci ya ɗauke shi. Ban tashe shi ba. Na ce tunda kai ne, ba za ka kawo abin banza ba. Na amsa da kaina."

"Sau nawa aka yi haka?"

"Sau ɗaya." Ta mai da tabarau idonta. "Ko biyu."

Ya juya wurin tsohon. "Baba, ka gane ni?" Hannun ya matse nasa. "Baba, da yardarka aka ɗauke Malam Tsawa daga tasha?" Tsohon ya dube shi, ya dubi matarsa, ya lumshe ido. Ko amsa ce, ko gajiya ce, Malam Anya bai iya rarrabewa ba.

"Wa ya ce a ɓoye mana halin da yake ciki?"

"Mataimakinku ya ba da shawara. Ya ce in aka ji Baba ba ya magana, kafin Juma'a ƙungiyar ta rabe biyu. Ni ma na ga haka. Shekara nawa mutumin nan ya yi yana ɗinke ta? Na ce mu riƙe masa ita har ya tashi."

"Takarda ta uku, wadda ta damƙa masa komai, shawarar wa ce?"

"Shi ya kawo, ni na ga ta dace."

Ya gyaɗa kai. Maganar tana iya zama gaskiya tsantsa. Tana kuma iya zama gaskiyar da ta yi wa mutum ɗaya daɗi fiye da kowa.

Ya ce, "Malama, na san ba mugunta ba ce. Amma mutane suna bin takardun nan ne don sun ɗauka Baba ne. Ba zan iya sa su a littafi ba. Ki ba ni hatimin."

Ta shiga ɗaki ta fito da shi a naɗe cikin hankici. Kafin ta saki ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Kada su ji cewa shekarun nan duka da hannuna a ciki. Wasunsu za su raina shi, shi kuma ba ya da bakin kare kansa."

"Ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da ba a tambaye ni ba, ba zan ɗauko ba."

Ranar Asabar bayan la'asar mutum goma sha ɗaya suka cika benci. Malam Anya ya ajiye hatimin a tsakiyar tebur, ya faɗi abin da ya gani da idonsa: Baba yana raye, yana gane mutane, amma ba ya magana, ba ya rubutu. Ya ce takardu ukun nan ba za a iya tabbatar da yardarsa a kansu ba, don haka yana ba da shawara a janye su.

Ɗakin ya kaure. Malam Tsawa ya miƙe, muryarsa ta cika wurin ba lasifika. "To wa ya rubuta su? A faɗa mana!"

Malam Anya ya buɗe baki, bai san abin da zai fito ba, sai Mai-kemis ya riga shi. Ya tashi, ba murmushin nan, ya ce, "Ni na ce a ɓoye, ni na kawo takardun, alhakin yana wuyana. Na ji tsoron abin da ke faruwa yanzu ne. Na yi kuskure, ina neman afuwarku. Iyalin Baba kuma a bar su su ji da jinya."

Wani dattijo ya ce mutumin da ya amsa laifinsa gaban jama'a ba a ƙara masa duka. Wasu suka ce haka ne. Malam Anya yana rubutawa yana satar kallon Mai-kemis. Ya rufa wa Malama asiri, wannan babu shakka. Amma cikin jimla huɗu ya juya ɗakin ya koma wajensa, kuma bai ce shi ya rubuta ba, bai ce ba shi ba ne.

Bayan mako biyu aka yi zaɓe. Mai-kemis ya ci da ƙuri'a shida, Tsawa ya samu biyar. Tsawa ya fita da mutum uku da lasifika ɗaya, wadda ya ce dama shi ya kawo ta, suka buɗe nasu zauren a wata unguwa. Malam Anya ya kawo doka aka amince: kowace takarda sai da sa hannun mutum biyu, hatimi kuma ba ya ƙara kwana gidan kowa. Aka sa wa kabad kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurinsa, ɗaya wurin sabon shugaba.

Jadawali ne ya ba su kunya. Watan farko da kwamiti ya tsara da kansa, aka tura malamai biyu da ba sa ga maciji da juna ɗaki ɗaya a asibiti, suka yi gardama a kan gadon mara lafiya har nas ta kore su. Alhamis biyu a jere ba wanda ya je gidan yari, kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ne zai je. Wani sabon shiga addini ya daina zuwa aji, sai daga baya aka gane an haɗa shi da malamin da ke saurin tsawatarwa.

Malam Anya ya yi mako guda yana jan ƙafa, sannan wata safiya ya ɗauki littafi da biro ya tafi gidan Baba. Ya gaishe da tsohon, ya ɗan zauna da shi, sannan ya fito baranda inda Malama take tsince wake a faranti. Ya gaya mata abin da ya kawo shi, yana kallon ƙasa.

Ba ta yi masa gori ba. Ta ce ya buɗe littafin. Ta fara jero masa: wane ba ya iya ganin jini, kada a kai shi ɗakin 'yan haɗari, wane yana da ɗan'uwa a gidan yari, yana jin nauyin zuwa amma ba zai faɗa ba, wane da wane kada a haɗa su sai da na uku, wane in ba a tuna masa ranar Laraba ba, Alhamis ba zai fito ba. Ya cika shafi huɗu. Da ya gama ta ce ya karanta mata, ta gyara masa wuri biyu.

Ya ce, "Zan gaya wa kwamiti na nemi shawara a gidan Baba. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

"Ya isa," in ji ta.

Ya yi sallama ya fito. Ya kai bakin layi ke nan sai ga babur ɗin Mai-kemis ya shawo kwana, ya tsaya a ƙofar gidan. Babu jakar magani a hannunsa, wani littafi ne mai baƙin bango a hammatarsa. Malam Anya ya ɗan tsaya, sannan ya ƙarasa wurin mai facin taya, ya gaishe shi, ya nemi wuri a benci ya zauna inda yake hango ƙofar.